Tarihin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Malamin Zango

 A littafin bana mu ’yan ajin ƙarshe mun zaɓi mu kawo tarihin Alhaji Umaru ɗan Abubakar, limamin Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, Allah ya jiƙansa.

Ga dalilinmu na zaɓensa. In ka tare yaro a zango ka tambaye shi asalinsa, zai ce maka shi Bahaushe ne ko Bazabarme ko Bawangare. In ka ƙara tambayar wane gari kakansa ya baro, kuma me ya kawo shi nan, sai ka ji shiru. Alhali mafi yawan tsofaffin gidajen zango suna komawa ne ga ɗayan mutum uku: falke da ya zo sayen goro ya zauna, ko malami da ya biyo ayari da allonsa da littattafansa, ko soja da ya ajiye bindiga ya yi aure. Alhaji Umaru ɗan falke ne, shi kansa malamin fiƙihu ne, kuma ya rayu a zamanin masu bindiga ya ga aikinsu da idonsa. Sannan ya zauna ya rubuta. Wanda ya san tarihinsa ya san rabin tarihin gidansu.

Nasabarsa da haihuwarsa

A littattafan malamai ana rubuta sunansa Umar bin Abi Bakr bin Usman, a bi shi da nisba uku: al-Kabawi, al-Kanawi, al-Salgawi. Wato Bakabe, Bakano, mutumin Salaga. Mutanen arewacin Ghana kuwa suna ce masa Imam Imoru, da wannan sunan kuma Turawa da yawa suka san shi.

Ku duba nisbar nan da kyau, ’yan’uwa, don taswira ce. Kabi ita ce asalin gidansu. Kano nan aka haife shi, wajen shekarar 1858. Salaga kuwa nan ya yi zama har aka jingina shi gare ta. Daga baya sunan Krachi ya zo ya rufe sauran a bakin jama’a. Garuruwa huɗu ke nan a sunan mutum ɗaya. Haka mutanen da suke yi, duk inda suka sauka ba sa yar da sunan inda suka fito. Mu kuwa yau sau da yawa sunan kakan kakanmu ma ba mu riƙe ba.

Mahaifinsa Abubakar falke ne mai safarar goro tsakanin Kano da Gwanja. To, sai mun tsaya kaɗan a kan wannan hanya, don ita ce ta haifi zangunanmu.

Hanyar Gwanja

Goro yana fitowa daga kurmin Asante, masu cinsa kuwa suna can ƙasar Hausa da Barno. Sarakunan Asante ba sa barin fataken arewa su shiga kurmi su saya da kansu, sai aka yi kasuwa a bakin iyaka, a ƙasar Gwanja. Wannan kasuwa ita ce Salaga, garin da ya yi suna da yawan rijiyoyi.

Ayari yakan tashi daga Kano da rani, da jakuna da takarkarai da ’yan alaro. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya, kuma da wuya ayari ya tashi ba malami a ciki, mai ba da salla, mai rubuta wasiƙa, mai raba gardama. Su bi ta Sakkwato ko Jega, su haye Kwara, su ratsa Bargu, wasu su ɓullo ta Sansanne Mango su gangaro Yendi, sannan Salaga. Tafiyar watanni ce, kowane sarki a hanya da garamarsa, kowane kogi da kuɗin fitonsa, ga ’yan fashi. Suna kawo kanwa da turkuɗi da fatu da dabbobi, su koma da goro a ƙunshe cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa ana tsince ruɓaɓɓe har a isa gida. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci.

Akwai abin da bai kamata mu ɓoye ba. Salaga babbar kasuwar bayi ce kuma. An sayar da ’yan Adam a cikinta da yawa, musamman waɗanda aka kamo daga ƙasar Gurunsi. Cikin mutanen zango na yau akwai jikokin masu saye, akwai jikokin waɗanda aka sayar, sun yi auratayya sun zama dangi ɗaya, suna sahu ɗaya a masallaci. Tarihin gaskiya sai ya ɗauki duka biyun.

Inda ayari ya yada zango, wani falke yakan ƙi komawa. Ya gina gida ya zama fatoma mai saukar baƙi, ya auri ’yar gari, ya kira malami ya koyar da ’ya’yansa. Ta haka kalmar zango ta tashi daga masaukin dare ɗaya ta zama unguwar da aka haife mu.

Karatunsa da littafinsa na farko

Umaru ya yi karatun allo a Kano ya sauke Alƙur’ani yana yaro. Daga nan ya shiga karatun ilimi, ya tafi Kabi da Gobir wajen malamai. Matakalar karatu a ƙasar Hausa ta lokacin ita ce dai wadda muka sani: a fiƙihun Malikiyya a fara da Ahalari da Ishmawi, a hau Iziyya da Risala, a kai Muhtasar na Halil, a nahawu Ajurumiya da Alfiyya, a lugga Maƙamatul Hariri da waƙoƙin jahiliyya. Bambancinmu da shi, shi ba bugaggen littafi a hannunsa. Wanda yake son littafi sai ya ara ya kwafa da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa.

Karatun bai hana shi bin mahaifinsa fatauci ba. Wajen 1874 ya fara taka Salaga, kuma a shekarun da suka biyo ya yi yawo ƙwarai a ƙasashen da ke tsakanin Kwara da Volta, yana ciniki yana karatu, yana lura da yadda kowace ƙabila take zaune.

A 1877 ya wallafa littafi da Larabci mai suna al-Sarha al-Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa, a kan yadda ake rubuta wasiƙu, da samfurori a ciki. Ku lissafa shekarunsa a lokacin: bai wuce ashirin ba. Bai girme mu da yawa ba ke nan.

Me ya sa saurayi zai fara da wannan fanni? Ai don ya ga bukatarsa a hanya. Falke ya bar iyali a Kano, yana da bashi a Jega, ya ba wani ajiya a Yendi. In ya rasu a Salaga, wa zai sanar da magadansa, wa zai tabbatar da abin da ya bari? Takarda ce. A wancan zamani babu lauya irin na kotun yau, malamin fiƙihu shi ne mai wannan aiki. Shi ke raba gado, shi ke ɗaura aure, shi ke duba sharuɗɗan ƙiradi tsakanin mai dukiya da mai juya ta, shi ke rubuta wa sarki takardar neman hanya. Zango ba ya tsayuwa sai da mutum uku, sarkin zango da liman da alƙali, kuma biyu daga cikinsu da alƙalami suke aiki.

Salaga da yaƙin 1892

Shekarar da ya fara ganin Salaga shekara ce mai nauyi. A 1874 sojojin Ingila suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da ƙarfin Asante ya raunana, Gwanja ta kuɓuce daga hannunsu, su kuma suka janye goronsu daga Salaga. Ciniki ya fara komawa Kintampo da Atebubu da Kete-Krachi. Salaga ta ci gaba da zama garin malamai da attajirai, amma ba kamar da ba.

Wajen 1892 Malam Umaru ya tare a Salaga da niyyar zama, ya buɗe makaranta. A nan ya san wani Bajamushe mai suna Krause, wanda mutanen gari suke kira Malam Musa, mai sha’awar harshen Hausa. Sai dai zaman bai yi tsawo ba.

Sarautar ƙasar tana Kpembe, kusa da Salaga, kuma gidajen sarauta uku ne suke karɓa-karɓa. A ƙarshen 1892, daidai da 1310 ta Hijira, Kabachewura Isifa ya tayar wa Kpembewura Napo, ya samu taimakon mayaƙa daga Dagomba da Nanumba. Aka ci Napo, aka washe Salaga, mutane suka watse. Baƙin da ba ruwansu da rigimar sarauta su ne suka fi asara: gidaje, kaya, littattafai. Wasu suka nufi Yeji, wasu Kintampo, da yawa suka gangara Kete-Krachi a bakin kogin Volta. Malam Umaru yana cikin waɗanda suka bar garin.

Wannan watsewa tana da muhimmanci gare mu. Gidaje da yawa a zangunan kudu, in aka bi salsalarsu, sai a tarar ta ratsa ta Salaga ta fito a wannan shekara. Bayan kamar shekara goma sha biyu ya rubuta doguwar ƙasida da Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan, ya ba da labarin yaƙin, ya kuma nuna yadda adalcin masu mulki da ɗabi’un jama’a suka lalace tun kafin a harba kibiya. Bai ɗora laifin duka a kan baƙin mayaƙa ba, ya haɗa da mutanen garinsu. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ga malamin da ke zaune cikin waɗanda abin ya shafa.

Zamanin masu bindiga

Kafin mu bi shi Kete-Krachi, bari mu ambaci mutum na uku cikin kakanninmu, wato soja, don zamanin Malam Umaru cike yake da su.

Akwai mayaƙan Zabarmawa da suka kafa ƙarfi a ƙasar Gurunsi, waɗanda Babatu ya zama shugabansu daga baya. Daga yaƙe-yaƙensu bayi da yawa suka shigo kasuwar Salaga. Turawa suka karya su a ƙarshen ƙarnin, Babatu ya ƙare rayuwarsa a Yendi a 1907, mutanensa suka bazu cikin zanguna.

Akwai kuma sojojin da ake kira Hausawan Glover. Wani hafsan Ingila mai suna Glover ya kafa rundunar a Ikko a 1863, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 ya zo da su nan, ya ƙara ɗibar wasu a bakin teku. A 1879 aka kafa rundunar Gold Coast ta kanta daga irin waɗannan mutane. Sunan Hausa dai aka ba su, amma cikinsu akwai Mosawa da Gurunsawa da Dagombawa da Barebari, Hausa ce kawai harshen bariki. Wasu sun kai muƙamin saje, wasu hafsan ƙasa. Da suka bar aiki suka zauna a zangunan Ankara da Cape Coast da Kumasi. Jamusawa ma a Togo da irin waɗannan sojoji suka yi aiki.

Kun ga abin da ya faru ke nan: Bahaushe a gefe ɗaya yana falke ko malami yana kallon ƙasa tana faɗawa hannun Nasara, ɗan’uwansa a ɗaya gefen yana riƙe wa Nasara bindiga. Bayan ƙura ta lafa duka suka haɗu a zango ɗaya, ’ya’yansu suka zauna gaban malami ɗaya.

Liman a Kete-Krachi

Garin biyu ne a haɗe. Krachi garin ’yan ƙasa ne, masu tsafin Dente da ya yi suna a duk yankin. Kete kuwa kasuwa ce da zangon baƙi. Da ’yan gudun Salaga suka sauka, Kete ta cika ta batse. A daidai wannan lokaci Jamusawa suka iso, suka kashe babban bokan Dente a 1894, suka kafa bariki. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar da suka daɗe suna ja-in-ja a kanta, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi da Kete-Krachi suna hannun Jamus. Hanyar da mahaifinsa ya bi shekara da shekaru sai ga iyaka ta yanke ta.

A zamanin Jamusawan ne aka naɗa Malam Umaru limamin Kete, kuma ya riƙe limanci da karantarwa har ƙarshen ransa. Ɗalibai suka riƙa zuwa masa daga nesa, suka koma garuruwansu suka buɗe nasu makarantu. Shi ya sa har yau in malami a Ghana ya jero silsilar malamansa, sau da yawa sai ka ji ta biyo ta Krachi.

Wani jami’in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya yi mulkin yankin, ya zauna gabansa yana koyon Hausa. Mischlich ya buga ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Ya kuma roƙi liman ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa, shi kuwa ya rubuta da ajami, shafi bayan shafi: tarihin Kabi da sauran ƙasashe, jihadin Shehu Usmanu, noma da kiwo, rini da saƙa da ƙira, kasuwa da fatauci, aure da suna da biki, har da yadda bayi suke rayuwa. An kai takardun nan Jamus, kuma daga baya masana suka fassara su suka buga. Kaɗan ne cikin ’yan ƙasa na ƙarni na 19 suka bar bayani mai faɗi haka a kan zaman talakawa.

Waƙoƙinsa

A nan ne za mu ga zuciyarsa. Tsakanin 1899 da 1903 ya yi waƙoƙi uku a kan zuwan Nasara, biyu da Larabci, ɗaya da Hausa. A ciki ya nuna yadda suka fara shigowa da lallami da sunan ciniki, sannan suka juya suka zama masu mulki. Ya jero ƙasashe da sarakunan da aka ci ɗaya bayan ɗaya, ciki har da Samori. Waƙar Hausar ta zo ne a shekarar da Kano, garin haihuwarsa, da Sakkwato suka faɗi.

Wani zai ce, to yaya mai wannan waƙa kuma yake koyar da Bajamushe Hausa, yake limanci a ƙarƙashin tutarsu? Mun tattauna wannan a aji, ga abin da muka fahimta. Ya ga yaƙin Salaga, ya san abin da bindiga take yi wa gari. Ya ga waɗanda suka fi zango ƙarfi nesa ba kusa ba sun kāsa. Abin da ke hannunsa shi ne masallaci da makaranta da jama’ar baƙi marasa ƙasa, sai ya zaɓi ya tsare su, ya kuma rubuta gaskiyar abin da ya faru don kada na baya su ɗauka da yardar kowa aka yi. Ana iya saɓa masa a wannan zaɓi, amma makarantar da muke zaune cikinta yau tana daga cikin ’ya’yan irin wannan haƙuri.

Bai tsaya kan sarakuna ba. Waƙarsa ta Talauci da Wadata ta nuna yadda ake wulaƙanta matalauci ko da mai gaskiya ne, ake girmama mai dukiya ko da ba shi da hali. Ya yi waƙa a kan annobar mura ta 1918 da ta kashe mutane a duniya duka. Ya yi marsiyya da yabo da wa’azi. Ya kuma juya waƙoƙin Imru’ul Ƙaisi, mawaƙin jahiliyya, zuwa Hausa. Duk wanda a cikinmu ya sha wuyar waƙoƙin jahiliyya a darasin adabi ya san wannan aikin ba na kowa ba ne.

Hajjinsa da rasuwarsa

A 1913 ya tafi aikin hajji. A Madina ya haɗu da Alfa Hashim, ɗan ɗan’uwan Shehu Umarul Futi, ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannunsa. Yaƙin duniya na farko ya kawar da mulkin Jamus a Togo a 1914, Kete-Krachi ta koma hannun Ingila. Wato a rayuwarsa ɗaya ya zauna ƙarƙashin Sarkin Kano da sarkin Kpembe da Jamus da Ingila. Masu mulki suna canzawa, shi yana nan a kan buzunsa yana ba da karatu.

Ya rasu a Kete-Krachi a 1934, daidai da 1353 ta Hijira, yana da shekara saba’in da ’yan kai. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa.

Abin da ya rage a wuyanmu

Bayan rasuwarsa da kamar shekara talatin aka gina madatsar ruwa ta Akosombo. Tafkin Volta ya taso ya tashi mutane wajen 80,000 daga matsugunansu, tsohon garin Kete-Krachi ya nutse, aka koma sabon wuri. Kasuwar Kete da titunan da ya taka suna ƙarƙashin ruwa yanzu. Abin da ya tsira shi ne abin da aka rubuta da abin da ɗalibai suka haddace. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami’ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami, kuma ayyukansa da dama suna cikin abin da aka adana a can.

Amma ba kowace takarda ta isa Legon ba. A gidaje da yawa na zango akwai tsohuwar adaka ko gafaka a ƙarƙashin gado, cike da takardun kaka: wasiƙu, ijaza, lissafin bashi, sunayen ’ya’ya da ranar haihuwarsu. Gara tana ci, damina tana jiƙawa, in tsoho ya rasu wani lokaci a haƙa rami a binne su don girmamawa ba tare da an karanta ba. Waɗanda suka yi boko zalla ba sa iya karanta su. Mu da muka yi nahawu muka san baƙaƙen Larabci, mu ne za mu iya, in mun ƙara koyon ajami da rubutun warash na mutanen da.

Don haka muna roƙon ’yan’uwanmu ɗalibai, a hutun nan kowa ya zauna gaban kakansa ko kakarsa da littafi da biro. A tambayi sunan uba da kaka har inda aka tsaya, da garin da aka baro, da hanyar da aka biyo, da sana’ar da ta kawo su, fatauci ne ko karatu ko soja ko wani abin daban. Kada a manta da ɓangaren uwa, don ta nan ne muka haɗa jini da Gwanjawa da Dagombawa da Asante da sauran masu ƙasa. Abin da aka ji mai daɗi da marar daɗi duka a rubuta. Iyayenmu kuma muna roƙonku da girmamawa, ku buɗe mana adakokin nan mu ɗauki hoton takardun da waya, mu kai wa malamanmu su taya mu karantawa, asalin kuwa ya zauna a hannunku.

Allah ya jiƙan Alhaji Umaru da malamansa da ɗalibansa, ya jiƙan kakanninmu da suka sha rana a hanyar Gwanja, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.